Ruwan inabi ko giyar inabi: wace kalma ta dace da "wine"?

Duk wanda ya taɓa zama da rubutun kiwon lafiya na Turanci da niyyar mayar da shi Hausa ya san yadda alƙalami yake cijewa idan aka iso kan kalmar "wine". Abin da yake fara zuwa baki shi ne "ruwan inabi", kuma shi aka fi gani a rubuce, sai dai wannan suna yana ɗauke da abubuwa biyu da suka yi hannun riga da juna. Akwai ruwan da ake matsewa daga 'ya'yan inabi a sha shi da zaƙinsa, wanda ko yaro aka ba babu laifi, akwai kuma wanda ake ajiyewa har yis ya cinye sukarin da ke cikinsa ya juyar da shi abin sa maye, wanda barasar da ke cikinsa takan kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Idan mai fassara ya rubuta cewa jan ruwan inabi yana taimakon zuciya, mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ɗauka lemon kwali ake nufi, alhali wanda ya yi rubutun na asali giya yake magana a kai. Shawarata ita ce mu tsayar da "giyar inabi" a kan mai sa maye, mu bar "ruwan inabi" a kan wanda bai juya ba, kuma zan kawo dalilaina daga littattafan addini, domin a can ne wannan ruɗani ya samo tushe, a can ne kuma maganinsa yake.

Ita kalmar "inabi" babu gardama a kanta. Aro ce daga Larabci, inab, kuma ta zauna daram a bakin Bahaushe. Ta zo sau 11 a cikin Alƙur'ani, wani lokaci a tilo, galibi a jam'i, kuma kusan ko'ina a jerin ni'imomi take fitowa tare da dabino da zaitun da rumman. A Suratu Abasa an ambace ta cikin abin da ƙasa take fitarwa bayan saukar ruwa, a Suratul Kahfi an ba da misalin mutumin da aka ba gonaki biyu na inabi kewaye da dabino, a Suratun Naba'i kuma tana cikin sakamakon masu taƙawa. Busasshensa ma yana da sunansa, zabibi, shi ma daga Larabci.

"Ruwan inabi" a ma'anar abin sha mai sa maye kuwa, a Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fi yin ƙarfi. Tsohuwar fassarar da aka kammala a 1932 tana cewa "ruwan anab" da "kuringar anab", waɗanda suka biyo baya suka mayar da su "ruwan inabi" da "kurangar inabi". Matsalar ita ce harsunan da aka rubuta littafin da su ba kalma ɗaya suke da ita ba. Ibrananci yana da yayin, wadda ta zo kusan sau 140 kuma ita ce giyar inabi ta yau da kullum, yana da tirosh, wato sabon matsi na kakar bana, yana kuma da shekar, abin sha mai ƙarfi da ake yi da hatsi ko dabino. Helenanci na Sabon Alkawari yana da oinos, takwarar yayin, sai kuma gleukos, wato sabon matsi mai zaƙi, da ta zo a Ayyukan Manzanni 2:13, inda masu ba'a suka zargi almajirai da buguwa. Mai son ya ga cewa mutanen wancan zamani sun san bambancin sarai, ya duba Littafin Ƙidaya 6:3, inda aka jera wa keɓaɓɓe, wato wanda ya yi wa'adin keɓe kansa ga Allah, abubuwan da zai ƙaurace musu ɗaya bayan ɗaya: giyar inabi, abin sha mai ƙarfi, tsamin da ake samu daga kowannensu, jiƙon inabi, ɗanyen inabi da busasshe. Aya ɗaya ce, amma kowane abu da sunansa. Idan Hausa ta tattara rabin wannan jeri a ƙarƙashin "ruwan inabi", to harshen ne muka tauye, ba littafin ba.

Akwai masu cewa abin da aka sha a bikin auren Kana da Yesu ya halarta, ko wanda Bulus ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda cikinsa a 1 Timoti 5:23, ruwan inabi ne marar sa maye, saboda haka fassarar ta yi daidai. Wannan muhawara ce ta malaman Kirista, kuma ba nawa ba ne in yanke musu hukunci, amma akwai abin da ya shafi yanayin inabin kansa wanda mai fassara ba zai kau da kai daga gare shi ba. Yis yana nan a jikin ɓawon inabi tun daga gona, kuma a ƙasa mai zafi irin Falasɗinu matsattsen ruwa yakan fara tsima cikin 'yan kwanaki. Wannan ne ma'anar misalin da ya zo a Markus 2:22 na cewa ba a zuba sabon matsi a tsofaffin salkuna, domin iskar da take tasowa lokacin tsimuwa za ta fasa fatar da ta riga ta bushe. Basamariyen da ya zuba mai da oinos a raunin matafiyi a Luka 10:34 ba zaƙi yake nema ba, abin wanke ciwo yake nema. Hanyar adana ruwan inabi a kwalba wata da watanni ba tare da ya juya ba, bayan 1869 ta yaɗu, shekarar da wani likitan haƙori ɗan cocin Methodist a jihar New Jersey ta Amurka, Thomas Welch, ya yi amfani da dabarar ɗumamawa ta Louis Pasteur domin ya samar wa cocinsa abin da za a sha a Jibin Ubangiji ba tare da barasa ba. Sannan shi Littafi Mai Tsarki da ya ambaci wannan abin sha a matsayin alamar albarka, shi ne kuma ya yi kashedi da shi a Karin Magana 20:1 da 23:29 zuwa 35, da Afisawa 5:18, kuma ba a yi wa mutum kashedin buguwa a kan abin da ba ya bugarwa.

A ɓangaren Musulunci aikin ya fi sauƙi, domin malamanmu sun daɗe da fassara khamr da "giya", kuma haka Sheikh Abubakar Gumi ya yi a tarjamarsa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne labarin mai shayar da sarki wanda aka ɗaure tare da Annabi Yusuf, domin ya zo a littattafan biyu. A Farawa 40:11 mutumin ya ce ya ɗauki 'ya'yan inabi ya matse su a ƙoƙon Fir'auna, a Suratu Yusuf aya ta 36 kuwa ya ce ya ga kansa yana matsar khamr. Ai ba a matsar giya, inabi ake matsa, shi ya sa malaman balaga suke kawo wannan aya a matsayin misalin kiran abu da sunan abin da zai zama. "Ruwan inabi" namu akasin haka yake yi, yana kiran abu da sunan abin da ya kasance kafin ya juya. Wannan salo yana da kyau a waƙa da adabi, amma a takardar asibiti hatsari ne.

Suratun Nahli aya ta 67 ma ta raba gida biyu, ta ce daga 'ya'yan dabino da inabi ake samun sakar, wato abin sa maye, da kuma arziki mai kyau, kuma wannan sakar 'yar'uwar shekar ce ta Ibrananci, saiwarsu ɗaya. Bayan haka hani ya zo daki-daki, daga Baƙara 219 zuwa Nisa'i 43 har zuwa Ma'ida 90. Sunna kuma ta nuna cewa suna ba abin wasa ba ne a wannan babi: an rawaito hani ga kiran inabi da sunan karm, an rawaito cewa duk abin da yake sa maye khamr ne, an kuma rawaito gargaɗi game da mutanen da za su sha giya suna kiranta da wani suna dabam.

To me zai hana a ce "giya" kawai a huta? Dalili shi ne giya a kunnen Bahaushe suna ne na jinsi gaba ɗaya, ya haɗa burukutun dawa da fito da ta kwalba, kuma rubutun kimiyya yakan kwatanta waɗannan da juna, saboda haka dole a ɗora mata "inabi" a san wadda ake nufi. Na ji ana kawo "barasar inabi", amma gara mu keɓe "barasa" ga sinadarin da yake sa mayen da kuma nau'in da ake tacewa da wuta, wanda ƙarfinsa yakan kai kashi 40 cikin 100, don mu samu damar cewa giyar inabi tana da barasa kashi kaza ba tare da harshe ya harɗe ba. "Tsimin inabi" ta fi kowacce daɗin faɗi, kuma na daɗe ina karkata gare ta, sai dai tsimi a yau ya fi tafiya ga haɗin magani da kayan mata, kuma ba kowane tsimi yake bugarwa ba, don haka ya fi dacewa da nabiz, wato jiƙon dabino ko zabibi da ake sha kafin ya juya. Ita kuwa "wayin", wadda matasa suke faɗi, ta riga ta lalace tun kafin ta zauna, domin a wajen biki da walima ana kiran kwalbar ruwan inabi mai kumfa marar barasa da wannan suna, ruɗanin da muke gudu shi ta shigo da shi.

Inda bambancin ya fi tsada shi ne maganar lafiya. Shaharar jar giyar inabi a matsayin abokiyar zuciya ta taso ne a farkon shekarun 1990, musamman bayan maƙalar da Serge Renaud da Michel de Lorgeril suka fitar a mujallar Lancet a 1992, inda suka yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa ciwon zuciya bai yi yawa a Faransa ba duk da yawan cin kitse. Daga nan hankali ya koma kan wani sinadari da ke cikin ɓawon inabi, wanda za mu iya rubutawa "resberatirol", kuma dalilin da ya sa jar ta fi farar yawansa shi ne ana tsima ta tare da ɓawon. Amma abin da ke cikin kofi ɗaya ɗan ƙanƙani ne ƙwarai idan aka gwada da yawan da ake ba ɓeraye a ɗakin gwaji. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda ya bi tsofaffi 783 a yankin Kiyanti na Italiya tsawon shekara 9, bai ga alaƙa tsakanin yawan wannan sinadari a jiki da tsawon rai ko raguwar ciwon zuciya ko kansa ba. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa abin sha mai barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa tun 1988, sannan a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Wanda ya fassara wannan jumla ta ƙarshe da "ruwan inabi" ya tsorata mutane daga halal, wanda kuma ya fassara yabon 1992 da "ruwan inabi" ya jingina wa lemo abin da ba a gwada a kansa ba.

Shi ɗanyen inabi alherinsa a fili yake, kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, yana da fotasiyam da bitamin K, ɓawonsa kuma yana ɗauke da waɗannan sinadarai ba tare da barasa ba. Sai dai mai ciwon sukari ya lura cewa giram 100 na ɗanye yana da sukari wajen giram 15, na zabibi kuwa yakan kai wajen giram 60, ruwan da aka tace kuma ya rasa dusar da take rage saurin shigar sukari cikin jini.

Ba ina kira a sauya lafazin Littafi Mai Tsarki ba ne, domin kalmar da aka shekara kusan 100 ana karantawa a coci ta zama ta masu ita, kuma 'yan'uwa Kirista ne za su duba ko bayanin ƙasan shafi zai wadatar a wuraren da ake nufin mai sa maye. Maganata a kan jarida ce da rediyo da takardun asibiti da jikin kwalba. A nan sai mu ce jar giyar inabi da farar giyar inabi, mu ce ruwan inabi ga matsattse, mu ce khal ɗin inabi ga wanda ya wuce giya ya zama tsami. Saura nau'i ɗaya da yake buƙatar a yi masa dogon suna ko da bai yi daɗi ba, wato wanda aka tsima ya zama giya sannan aka cire masa barasar, wanda dokar Tarayyar Turai ta yarda a sami ragowar da ba ta wuce kashi 0.5 cikin 100 ba a cikinsa. Wannan ba ruwan inabi ba ne, tunda ya taɓa juyawa, don haka "giyar inabi da aka zare wa barasa" ita ce za ta gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke hannunsa kafin ya kai tambayarsa gaban malami ko likita.