Filin bayan asibitin unguwa: a yi shaguna ko a bar wa marasa lafiya?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar unguwa. Na ga takardar ƙorafin da ake zagayawa da ita masallaci-masallaci, wadda ke neman a dakatar da ginin shaguna a filin bayan asibitinmu. An kawo mini ita bayan la'asar, ban sa hannu ba, kuma gara in faɗi dalilina a gaban kowa kada a ce na yi da wani a bayan idonsa. Tun ina makarantar allo filin nan yake a haka. Yau ga ni da jika, ko bulo ɗaya ba a aza ba. Abin da ke cikinsa duk mun sani: bola, ledoji, tumfafiya, da yaran da ke taruwa shaye-shaye bayan magariba. Bara a bakin wurin aka ƙwace wa ƙanwata waya. Yanzu mai kuɗi ya zo ya ce zai yi bene mai shaguna, ya gyara wa asibitin rufi, ya sa masa sola, ya riƙa ba shi kaso daga kuɗin haya. Ni dai a ganina duk wanda ya tsaya hana wannan aiki ci gaban unguwa yake tarewa, ko da kuwa niyyarsa mai kyau ce.

Mai gyaran waya:
Alhaji, ka faɗi abin da ke raina. Shekara shida ina ƙarƙashin laima a bakin titi, tebur ɗaya da benci. Hadari ya taso in tattara, masu korar 'yan bakin hanya su zo in tattara. Iyayenmu da ke sa hannu yawanci suna da albashi ko fansho. Mu ina za mu sa kanmu?

Tsohuwar ungozoma:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ni na rubuta takardar da hannuna, jikata ta buga ta a kwamfuta, saboda haka da ni kake magana, kuma ban ji haushi ba. Na gode da ka fito fili.

A asibitin nan na yi aiki har na yi ritaya. Kai kana ganin bola, ni kuwa in na kalli filin nan wata damina nake tunawa da aka yi amai da gudawa. Kafin azahar gadajenmu sun cika. Mai amai da gudawa ba a haɗa shi ɗaki ɗaya da mai jego da jaririnta, duk wanda ya yi aikin asibiti ya san haka. A filin nan muka share ƙarƙashin darbejiyoyin gabas, muka shimfiɗa tabarmi da leda, muka kafa ƙusa a jikin bishiya muna rataye robar ƙarin ruwa. A can ƙarshen filin aka haƙa ramin zubar da ƙazanta, nesa da rijiya. Wani tsoho mai sayar da goro na sa wa ruwa a nan, idonsa ya zurma, fatar hannunsa in ka ja ba ta komawa. Bayan kwana uku ya tashi da ƙafarsa. Da a ce bene ne a wurin, a kan titi zan kwantar da shi?

Kuma ba mu kaɗai ba. A 2020 da korona ta shigo Kano, ina aka kafa tantunan killace masu cutar? A filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, don nan ne aka samu sarari. A 2023 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha a Najeriya yawan waɗanda suka kamu, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo taimako. Cuta ba ta aiko da goron gayyata, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko ba annoba ma, ka leƙa ranar awo. Mata masu ciki a zaune a ƙasa har bakin ƙofa, wata da goyo wata da tsohon ciki, rana na dukansu. Ɗakin haihuwar da na bari shi ne har yau, alhali gonakin da ke kewaye da mu lokacin da na fara aiki duk sun zama gidaje. Ranar da gwamnati ta ce za ta ƙara ɗakin haihuwa ko ɗakin yara, a ina za ta aza shi? Rufi ana gyarawa kowace shekara in an samu kuɗi. Fili in ya tafi ya tafi ke nan.

Ɗan Kwari:
Hajiya, girmanki ne, kuma ba wanda zai manta aikin da kika yi mana, 'ya'yana biyu a hannunki aka haife su. Amma ki duba, annoba sai an yi shekaru take zuwa, bola kuwa kullum tana nan. Ƙudajen da ke tashi daga cikinta ba ɗakin masu jegon suke shiga ba? Da damina ba bokiti ake tarawa a ɗakin kwanciya ba saboda yoyo? Ranar da kike jira ta ƙarin ɗakin haihuwa, gwamnatoci nawa suka zo suka wuce ba ta zo ba? Kada mu zama kazar da ta kwana a kan dami. Dubi Ado Bayero Mall da aka buɗe a titin gidan zu a 2014, matasa nawa ne suka samu abin yi a wurin?

Injiniya:
Salam. Alhaji, bari in sa baki ta fuskar sana'ata. Ni ban ƙi gini ba, da gini nake ciyar da iyalina. Amma kantin da ka ambata yana bakin babban titi ne, da wurin ajiye motocinsa, kuma ba a jikin tagar marasa lafiya yake ba.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a. Ma'ana, abin da wannan gwamna ya bayar, na bayansa yana iya cewa ba a bayar bisa ƙa'ida ba. Mun gani da idonmu. An rantsar da Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayu 2023, ba a yi mako guda ba katafila ta fara aiki: benen filin sukuwa, gine-ginen Otal ɗin Daula, na sansanin alhazai, shagunan filin idi na Ƙofar Mata. Mutanen da suka biya kuɗinsu suna riƙe da takardu suka wayi gari 'yan jari-bola na jan rodi daga cikin dukiyarsu. 'Yan kasuwar filin idi sun je Babbar Kotun Tarayya, a watan Satumba na shekarar ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wa ya ci riba a nan? 'Yan kasuwa sun yi asara, diyyar kuma daga baitulmalin jama'a za ta fito. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Don haka ina tambaya: wa ya sa wa mai kuɗin nan hannu? Haya ce ko saye, kuma ta shekara nawa? Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ta amince da zanen? Kason da aka ce za a ba asibiti, a rubuce yake ko a baki? Na tambayi wakilinsa sau biyu, ya ce komai yana kan hanya.

Ɗan Kwari:
Wannan tambaya ce mai kyau, Injiniya, kuma zan nemo amsarta. Amma rashin ganin takarda dalili ne na a nemi takarda, ba na a ce kada a yi ginin gaba ɗaya ba.

Injiniya:
Haka ne, sai dai ko takardar ta cika akwai ruwa. Filin nan ya fi layukanmu gangara, duk ruwan da ya sauko daga wajen makarantar firamare nan yake kwanciya ƙasa ta shanye shi. Ka dasa bene ka malale sauran da siminti, ruwan nan bai san an yi ciniki ba, zai nemi hanya, kuma hanyarsa ita ce harabar asibiti da zaurukan layin Hajiya. Haka aka yi ta cike kududdufan cikin birni ana gini a kai, yau kowace damina muna kwasar ruwa da bokiti. Alhaji, kai ka fi ni sanin abin da ya faru a Kantin Kwari a watan Agustan 2022, da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, kuma 'yan kasuwar da kansu suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. A ƙarshen watan Agustan dai bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut. Sannan ka ƙara da janareto a ƙofar kowane shago, da adaidaita sahu masu sauke kaya a bakin hanya ɗaya tilo da mota ke bi ta ɗauki mai naƙudar da ta gagara zuwa Asibitin Murtala.

Ɗan Kwari:
Ranar ambaliyar Kwari ina ciki, har gwiwa ruwa ya kai mini, kuma na yi asarar da har yau ban gama farfaɗowa ba. Ba sai an tuna mini ba. Amma wannan aikin injiniyoyi ne, ku fitar da kwata mai kyau.

Malama:
Ina yi wa iyayena sallama. Ni abin da ya sa na sa hannu shi ne Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Yana kusa da gidan sarki, matan cikin birni da ƙafa suke kai 'ya'yansu. Aka rufe shi a gwamnatin Ganduje, iyaye suka koma neman kuɗin mota da yaro mai zazzaɓi a kafaɗa, sai a watan Agustan 2023 aka sake buɗe shi. In asibiti sukutum mai ɗauke da sunan mahaifiyar Sarki Ado Bayero zai iya rufuwa, ina ga namu da ba kowa ya san da shi ba? Yau fili, gobe a ce ai ginin ma ya tsufa.

Ɗan Kwari:
Malama, a yi adalci. Gwamnatin Abba ce ta ce an sayar da shi, mutanen Ganduje kuwa sun musanta, sun ce an mayar da aikin ne Asibitin Yara na Khalifa Isyaka Rabi'u da ke titin gidan zu.

Malama:
Ban ce an sayar ba, Baba, cewa na yi an rufe. Uwar da ke Yakasai ko Mandawari ba ta damu da wanda ya yi gaskiya a cikinsu ba, ƙofa ta tarar a garƙame.

Mai unguwa:
Jama'a, a bar maganar jam'iyya a nan. Masu jar hula da marasa ita duk asibiti ɗaya matanmu ke zuwa. A tsaya a kan fili.

Mai gyaran waya:
Ranka ya daɗe, ni har yanzu ba a amsa mini ba. Kowa na maganar gobe, ni yau nake nema.

Malama:
Ɗan'uwa, tsakani da Allah, ka tambayi kuɗin hayar shagon?

Mai gyaran waya:
Na tambaya, Yaya. An ce na shekara biyu ake biya a dunƙule, ban da kuɗin dillali. Ko na sayar da kayan aikina duka ba zan haɗa ba, wannan gaskiya ne. Ina dai sa rai ne wani ya kama ya ba ni gefe. To in ba za a yi benen ba, me zai hana a ja katanga a bar mu mu jera kwantena a jikinta ta waje, mu riƙa biyan asibiti wani abu duk wata? Ranar da za a yi ɗakin haihuwa sai mu ɗauke.

Injiniya:
Na fahimce ka, amma ina tsoron wannan ma. Shagunan da suka rufe katangun makarantu da masallatai a garin nan da yawa da tebur da rumfa suka fara. Kwantena ta shekara uku, sai a yi mata daɓe, sai bulo, sai wani ya sayar wa wani.

Tsohuwar ungozoma:
A nan kam na saɓa da kai, Injiniya. Yaron nan ya zo da magana, kada mu sallame shi hannu rabbana. In a wajen katanga ne, ba a bakin ƙofar da mota ke shiga ba, kuma aka rubuta a gaban mai unguwa da kwamitin asibiti cewa ba a aza bulo, ni zan yarda. Ɗana, sa'anninka da yawa ni na yanke musu cibiya, ba zan so in ga kana gudun hadari da tebur a ka ba.

Sannan Alhaji, akwai inda ka fi ni gaskiya, kuma zan faɗa. Bolar nan ba daga sama ta faɗo ba. Sharar gidajenmu ce, har da ta gidana, almajirai muke ba su kai can. Mun yi shekaru muna toshe hanci muna wucewa, sai da muka ji za a karɓe filin muka tuna namu ne. In mun hana ginin muka koma muka ci gaba da zuba shara, mun zalunci masu jegon da nake magana a kansu.

Ɗan Kwari:
To Hajiya, nan nake so a zo. Hana abu ba shi da tsada, biro kawai ake buƙata. Wa zai kwashe bolar? Wa zai sayi bulon katanga, wa zai gyara rufin da ke yoyo? Ni har yanzu ina kan bakana, kuma ba zan sa hannu ba sai na ga sunayen masu ba da siminti a ƙarƙashin sunayen masu ƙorafi. In na gani, buhu goma na farko nawa ne. In ban gani ba, zan ci gaba da cewa a ba mai kuɗin nan dama.

Mai unguwa:
Madalla. Ranar Asabar bayan sallar isha'i a hallara a ƙofar gidana, na aika wa dagaci da kansila da shugaban asibitin. Alhaji, ka zo da wakilin mai ginin da duk takardar da yake da ita. Injiniya, ka zo da tef ɗin awo, don har yanzu ba wanda ya nuna mini inda iyakar filin take.

Tsohuwar ungozoma:
Ranka ya daɗe, na san inda duwatsun safiyo biyu suke. Ɗaya yana gindin darbejiyar gabas, ɗaya kuma bola ta binne shi a kusurwar da ke kallon makaranta. A sa yara su zo da shebur da safe, zan nuna musu wurin.