Musayar Waƙa: Gicciyen Kowace Safiya

Malamin Lahadi, Unguwar Zariya

Salama a gare ku ƴan'uwa. Jiya a darasin manya mun tsaya kan Luka 9:23, inda Yesu ya ce mai son bin sa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Maganar tana cikin Matiyu 16:24 da Markus 8:34, amma Luka kaɗai ya sa "kowace rana", kuma ɗan ƙarin nan ne ya hana ni barci. Na buɗe fage. Kowane baiti ya ƙare da "ya", wanda ya karya doka ya sayo mana ƙosai ran Lahadi.

Da sunan Uba za ni buɗe fage,
Da Ɗan da ya sa labule ya tsage,
Da Ruhun da ke cike abin da ya rage,
Ku matso mu tattauna kan gaskiya.

Ya ce mai biyo ni ya ƙi kansa,
Ya sunkuya ya ɗau gicciyensa,
Ba sai Lahadi ba da sabuwar rigarsa,
Kowace rana, tun da safiya.

Ina tambayar ku mutanen Maraɗi,
Ku amsa da waƙa, ku bar dogon faɗi,
Mi ne gicciyen, ina nauyi, ina daɗi,
Ga mai bin Yesu cikin duniya?

Ɗan Kabu-kabu, Sabon Gari

Malam, wannan ai ba ta da wuya.

Nawa gicciyen ai babur ne,
Na wani ne, ni ɗan haya ne,
Jaka biyu kullum, ko da zazzaɓi ne,
Sai na kai masa, ba jayayya.

Rana ta gasa ni, ƙura a ido,
Na fito tun yara suna kan gado,
Ba ni da gona, ba ni da gado,
In ba gicciye ba ce, mece ce tsiya?

Baba na Tsibiri

Ɗana, Allah shi yi ma albarka, shi buɗa ma, amma ban yarda ba. Na ga farin 1984 da idona, ban ga gidan da yunwa ta tsallake don addinin mai shi ba.

Ɗana, kukanka ya kai kunnena,
Amma ka saurari ra'ayina:
Ranar da ta gasa ka ta gasa maƙwabcina,
Mai salla ne, kun sha ta gaba ɗaya.

Fari ba ya tambayar addini,
Yunwa ba ta duba wa ke da imani,
Wannan rabon kowa ne tun zamani
Na Adamu, gumi da sarƙaƙƙiya.

Gicciye kaya ne da ka iya ajewa,
Ba mai tilasta ka, ba mai tsarewa,
Ka duƙa ka ɗauka don mai fansowa,
Ko zai ja ma asara da dariya.

Baƙo ya sauka tasha bai san gari ba,
Hanyar dala hamsin ce, bai tambaya ba,
Ka ce masa ɗari, ba zai gane ba,
Hamsin ɗin da ka bar masa, shi ne, ka jiya?

Ɗan Kabu-kabu, Sabon Gari

Kai Baba! Kamar kana bayana ran kasuwa.

Baba ka taka ni a ƙafa mai miki,
Na yi shiru, na kama baki,
Jiya ma wani Bagobiri na yi wa wannan aiki,
Ga ni nan ina ta jin kunya.

Uwar Tagwaye, mai awo a kasuwar Kadro

Baba ya aza, bari in ɗora,
Ina awon gero da wake da masara,
Nan na san bin Yesu na da asara,
Don gicciyena yana cikin tiya.

Akwai tiyar saye mai zurfin ciki,
Da ta sayarwa, maƙeri ya yi aiki,
Ya ɗaga gindinta, ba mai buɗe baki,
A ido kuwa sai ka ce guda ɗaya.

Da ina da biyun, ba zan ɓoye ba,
Ribar da na ci ba ƴar kaɗan ba,
Karin Magana sha ɗaya bai bar ni ba,
Na huda ta biyun ta zama rariya.

Kar ku ce na zama waliyyiya. Duk watan Oktoba in kuɗin lakwal na tagwaye ya taso, sai in kalli rariyar nan a rataye in ce da ban huda ki ba. Maƙeri kuma bai tashi daga inda yake ba.

Saurayin Mawaƙa, Bagalam

Iyayena ku gafarce ni. Ran 16 ga Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram, washegari a Yamai. A watan Yunin 2019 wuta ta zo har nan gida, unguwar Zariya. Ni a ganina wannan ne gicciye.

Ku gafarce ni in tsoma baki,
Tiya da canji ai ƙaramin aiki,
Mu da muka ga majami'a cikin hayaƙi
Mun san gicciye wuta ne da ƙaya.

In sun dawo ni ba zan gudu ba,
Ko takobi ba zai sa in musa ba,
Jinin Istifanas bai bushe ba,
A shirye nike in bar duniya.

Malamin Lahadi, Unguwar Zariya

Ƙanena, buɗe Luka 22 daga aya ta 33 ka karanta har ƙasa.

Sannu jarumi, haka Bitrus ya ce,
Kurkuku ko mutuwa, ya amince,
Kafin zakara ya yi cara ya kauce,
Ba soja ya kada shi ba, baranya.

Uwar Tagwaye, mai awo a kasuwar Kadro

Mai jiran takobi, ina ka shige
Ran Asabar da muke gyaran shinge?
Mun aika sau biyu, barci ya dage,
Ka zo ka fara ɗaukar tsintsiya.

Baba na Tsibiri

Ku sassauta masa, zafin jini ne, kowa ya yi. Yaron bai yi ƙarya ba, wutar ta ci, kuma akwai waɗanda har yau ba su warke ba. Sai dai ka tuna, ɗana, a wancan tashin na Damagaram ƙanena da iyalinsa ɗakin maƙwabcinsu Musulmi suka kwana, shi ya tsaya musu a ƙofa. Kuma abin da ya fi wa ƙanen nawa nauyi ba daren ba ne, safiyar da ya fito ya gai da yaran unguwa ce, ya san wasunsu, sun san ya san su.

Ni masu gicciyen da na fara gani da ƙuruciyata a Danja suke, asibitin kutare da mishan ta buɗe a 1956.

A Danja na ga masu wankin miki,
Na kutare, kullum shi ne aiki,
Ba mai yi musu waƙa, ba mai biki,
Gobe su koma, hannu ba gajiya.

Mutuwar rana ɗaya tana da masu kallo,
A rubuta sunanka a kan allo,
Ta kullum ba ganga, ba mai leƙo,
Kai da Ubangijinka da zuciya.

Manomin Jiratawa

Ni ba malami ba ne, da gona zan yi magana. A 1983 ne Tony Rinaudo, ɗan Ostiraliya da ke aiki da mishan SIM nan Maraɗi, ya fara nuna wa manoma abin da yau muke kira sassabin zamani. Kututturen da ke tohowa a gona kar a sare shi ƙaf a ƙone, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Mahaifina na cikin waɗanda aka yi wa dariya wai gonarsu ta yi ƙazanta. Yau a inuwar itatuwansa muke hutawa.

Kututturen kalgo in ya yi toho,
Rassa ashirin, haka na ji ga tsoho,
In ka bar su duka, girma sai oho,
Ya ƙare a tsugune, abincin akuya.

Sai ka zaɓi uku ko biyar ka bari,
Ka sa wuƙa ga sauran tun da wuri,
Ba busassu ba ne, ɗanyu ne masu kyan tsari,
Wurin nan ne hannu ke jin wuya.

Haka Yahaya sha biyar ya nuna,
Reshe mai ƴaƴa ma ana datsa a gona,
Ni nawa reshen fada ce da abokaina,
Shayi har dare, ba zunubi ko ɗaya.

Amma yara su kwanta ban gan su ba,
Addu'ar dare ba mu yi tare ba,
Na datse shayin, bai bar toho ba,
Butar na kira na duk maraice, ba kunya.

Ɗiyar Dakwaro

Tun safe nake karantawa ban sa baki ba. Ku yi haƙuri, tawa za ta yi tsawo.

Shekara tara rabona da gida,
Tun ran da na tsaya na ba da shaida,
Mahaifina ya ce ƙafata kada
Ta sake taka zaurensa, ba shi da ɗiya.

Ba a buge ni ba, kar in yi ƙari,
An ɗaure kayana tun da wuri,
Inna ta raka ni har bakin gari,
Ba ta ce uffan ba, ta juya baya.

Kuna zaton ranar ta fi ciwo?
A'a, ran biki ce da ba a aiko,
Ran Salla da ba mai cewa in leƙo,
In wuni zaune ina duban waya.

Shekaranjiya wayar ta yi ƙara,
Yayana ne, ya ce ba jira,
Inna na kwance, har ta fara
Kiran sunana cikin jinya.

Ga gaskiyata, ba zan rufe ba,
Zuciyata har yanzu ba ta yarda ba,
Shekara tara ba su neme ni ba,
Sai yau da wanki da ɗauka suka yi wuya.

Na bar gida da dangi domin sunansa,
Yau kuma fushina zan bari dominsa?
Na ɗauka na gama biyan kuɗinsa,
Ashe bashin sabo ne kowace safiya.

Malamin Lahadi, Unguwar Zariya

Ƴar'uwa, Ubangiji shi ƙarfafa ki. Markus 10:29-30 naki ne: wanda ya bar gida ko uwa ko uba saboda shi zai sami riɓi ɗari tun a wannan zamani, gidaje da ƴan'uwa da uwaye, amma ayar ta ƙara da cewa tare da tsanani. Kalma guda kawai zan gyara miki.

Ƴar'uwa, ceto ba a sayen sa,
Jinin Ɗan Rago ya biya kuɗinsa,
Bin sa ne ke da nauyin kansa,
Mai ɗauka na ɗauka ne don godiya.

Ɗiyar Dakwaro

Malam na karɓi gyara. Ayar ma na san ta, ita na riƙe shekarun nan.

Uwa ɗari na samu, ban musa ba,
Ko ɗaya ba ta rufe mini ƙofa ba,
Amma ɗarin nan ba su goya ni ba,
Guda ce ta ɗaura ni a baya.

Baba na Tsibiri

Ɗiyata, kin sa tsoho hawaye. A Markus 15:21 Saminu Bakurane daga ƙauye yake shigowa aka tare shi aka aza masa gicciyen Yesu.

Ba zan ce ki je ba, ɗiyata,
Kayan na kanki, sun fi kafaɗata,
Amma ko a hanyar Golgota
Saminu ya kama, an yi tarayya.

In kin tashi, ba ke kaɗai ba,
In kin zauna, ba mu kore ki ba,
Mu dai ba za mu bar addu'a ba,
Ke da Innarki, Allah shi ba ta lafiya.

Uwar Tagwaye, mai awo a kasuwar Kadro

Ƙanwata, in za ki, kar ki shiga gidan hannu rabbana. Biyo ta rumfata da yamma.

Ga gero tiya uku na kunun mai ciwo,
Da tsamiya da sabulu, ki zo ki ɗauko,
Ki ce wata ƴar'uwa ce ta aiko,
Awon kuma da tiyar gaskiya.

Saurayin Mawaƙa, Bagalam

Yaya, shagon ɗinkinki fa? Ban iya keke ba, amma na iya buɗewa da rufewa da ba mutane kayansu.

Uwar Tagwaye ta ce in ɗau tsintsiya, na ɗauka,
Takobin na ajiye shi a taska,
Ki bar mini makulli, ko da damina ta sauka,
Zan share ƙofar kowace safiya.

Ɗiyar Dakwaro

Zan je gobe, ban ce na huce ba,
Ban san ko mahaifina zai dube ni ba,
Ko zaure zai buɗe, ban sani ba,
Ku dai sa ni a addu'a kan hanya.

Ƙanena, makullin na wurin mai shayin da ke jikin shagon. Akwai rigunan yara biyu da za a zo karɓa ran Alhamis, an riga an biya.

Ɗan Kabu-kabu, Sabon Gari

Yaya, motar farko ce za ki bi.

Biyar da rabi ina ƙofar gidanki,
Ki ɗaure geron da kyau a zanenki,
Kar ki taɓa lalitarki, riƙe kuɗinki,
In kai ki tasha kafin mota ta cika.

Malamin Lahadi, Unguwar Zariya

"Cika" ba ta ƙare da "ya" ba. Ƙosai na kanka ran Lahadi.

Ɗan Kabu-kabu, Sabon Gari

Na ji Malam. Na dala ɗari zan sayo, amma yaji kowa ya zo da nasa.