Musayar Baitoci: Nas a Ƙaramin Asibiti da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Tsohuwar Nas

Bismillahi, ga tambaya, ma'abota jinya,
Ku amsa da baiti, ban da ɓoyewa.

Ƙaramin asibiti, nas guda ce a ciki,
Awo nata, allura tata, har karɓar haihuwa.

Likitan ƙwaƙwalwa yana birni mai nisa,
Talaka ba shi da halin zuwa da dawowa.

Yanzu an ce ta haɗa da taɓin hankali,
Da farfaɗiya, da shaye-shaye, da damuwa.

Ta ina za ta fara, da wane lokaci?
Kaya in ya yi yawa, wuya ke karyewa.

Malamin Jinya

Yaya, masu ciwon tuni suna layinki,
Ba wasu baƙi ba ne ake miki ƙarawa.

Mai ciwon kai kullum, gwaji ya fito lafiya,
Mai cewa jiki duk tsami, barci na gagarawa.

Mai hawan jinin da ya watsar da ƙwayarsa,
Mai jegon da ta bar wanka, hawaye na zubowa.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya
Ta kafa shirin mhGAP, giɓin jinyar ƙwaƙwalwa take son rufewa.

A 2010 littafin jagora ya biyo baya,
Don wanda ba ƙwararre ba ya iya dubawa.

Tambaya biyu ce mabuɗi, kina cikin awon jini:
"Makon nan biyu, ranki na yawan karyewa?

Abin da kike so a da, ya fita daga ranki?"
In ta ce e, takardar awon damuwa, PHQ-9, ake ɗaukowa.

Tambaya tara ce, kowacce sifili zuwa 3,
Jimla 27, daga 10 sai a ƙara tonawa.

Ta tara kan tunanin mutuwa take magana,
Ko maki ɗaya aka samu, ba a tsallakewa.

Ungozoma

Malam, na sauya amo, ka yi mini uzuri,
Takarda ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

A ja fatar ido, a dubi tafin hannu,
Ƙarancin jini na sa kasala, ba damuwa kaɗai ba.

A taɓa wuya ko da maƙoƙo a ciki,
A tambayi ƙwayar da take sha da ba ta faɗa ba.

Wanda ya rikice dare ɗaya, jiki da zafi,
Bai san inda yake ba, bai gane nasa ba,

A auna suga, a gwada maleriya, a lanƙwasa wuya,
Ciwon jiki ne na gaggawa, ba hauka ba.

Sannan a ja ƙofa, ɗan rakiya ya jira waje,
Wadda ake duka, a gabansa ba za ta yi magana ba.

Batun kashe kai a tambaye shi ƙarara,
Tambayar ba za ta dasa masa niyya ba.

In da shiri, a kwashe maganin ƙwari da igiya,
A kira dangi, ba za a bar shi shi kaɗai ba.

Kukan mai jego na kwanakin farko kan wuce,
In ya haura mako biyu, ba na banza ne ba.

In tana jin muryoyi, tana tsoron jaririnta,
Yau za a tura ta, ba gobe ba.

Mai Ba da Magani

Hajiya, na mai da amon Yaya wurinsa,
Ga lissafin ƙwaya ga mai rubutawa.

Damuwa mara tsanani ba ta son ƙwaya,
Zama da shawara da motsa jiki ke warwarewa.

Mai tsanani, fuloksetin miligiram 10 mako guda,
Sannan 20 kullum, da safe ake haɗiyewa.

Ko kuwa amitiriptilin, 25 ne lokacin kwanciya,
Mako-mako, zuwa 100 ko 150 ake hawa.

Yana busar da baki, yana ɗaure ciki,
Mai ciwon zuciya kuwa, ba a ba shi ko taɓawa.

Mai tunanin kashe kai kar a cika masa leda,
In aka sha shi da yawa, yana kashewa.

Kafin ƙwayar farko a tambayi dangi:
Ya taɓa kwanaki ba barci, surutu ba tsayawa,

Yana rabon dukiya, yana jin ya fi kowa?
Ƙwayar damuwa ita kaɗai, wannan take tayarwa.

A faɗa masa sauƙi sai an yi makonni,
Rashin faɗa ke sa a kwana goma ya yi watsarwa.

In ya warke, wata 9 zuwa 12 zai ƙara,
Sannan a rage a hankali, ba a yankewa.

Mai taɓin hankali, halofaridol 1.5 zuwa 3 ake farawa da shi,
In wuya ya murɗe, harshe na fitowa,

Dangi kan tsorata su gudu da majinyaci,
A rage, a ba da maganin sanƙarewa.

Diyazifam kuwa, Allah Ya kyauta,
Ba ya maganin damuwa, sabo yake jawowa.

Tsohuwar Nas

Ƙanena, na ji, amma ga inda take ɓaci:
Horon 'yan kwanaki, daga nan ba mai leƙowa.

An fara wa mutum ƙwaya, wata biyu ta yanke,
Ciwo ya dawo, nas ake tuhumtawa.

Likitan Ƙwaƙwalwa

Yaya, kin taɓo gaskiya, laifin ɓangarenmu ne,
Horo ba bibiya, wata kaɗan yake zubewa.

A sa ranar zama da ƙwararre duk wata,
A buɗe katunan da suka gagara, ana tattaunawa.

A ba nas lambar da in ta kira za a ɗauka,
Wanda ta turo, da takardar amsa zai komawa.

Rajista ta ɗauki maki da ranar dawowa,
Wanda bai zo ba, ma'aikacin unguwa ke nemowa.

In maki bai sauka ba bayan mako 4 zuwa 6,
A tambaya ko yana sha, kafin a yi ƙarawa.

Zaman shawara ba dole sai nas ba,
Shirin shawara na PM+ zama biyar ne, ɗan sa-kai na iya koyarwa.

A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda
Ya horar da kakanni, a benci suke saurarawa.

Kar a ware ɗaki a rubuta "masu taɓin hankali",
Ranar da aka kafa allon, layi ke watsewa.

Ungozoma

Likita, ƙari ɗaya kan farfaɗiya:
Balfurowet ba na mai ciki ko mai neman ciki ne ba.

Yana illa ga ɗan tayi tun watannin farko,
Amma ba za ta yanke shi da kanta dare ɗaya ba.

Tsohuwar Nas

To a sa ƙwayoyin nan a odar kowane wata,
A ƙirga su da yawan masu karɓa, kafin ƙarewa.

A buɗe musu gurbi a fom ɗin rahoto,
Malam, ka turo mana samfurin cikewa.