Taƙaitawa: canza injin gilashin ƙofar baya na a-kori-kura

To jama'a ga abin da na tattaro daga shawarwarin mutane kan canza injin da ke ɗaga gilashin da sauke shi.

1. Kusan kowa yace kar a yi saurin siyan sabo, a fara duba fiyus da makunni, da wayoyin cikin robar nan ta bakin ƙofa, yawan buɗewa da rufewa na tsinka su.

2. A cire kan batir, a ɓalle murfin ƙofa a hankali, maƙalan roba ne basa jure garaje.

3. A ɗaga gilashin a manne shi da salatif, in ba haka ba kana kwance noti zai rufto.

Inda aka rabu: wasu sunce injin kawai za'a canza, wasu sunce a haɗa da ragiletar (abin da ke riƙe gilashin yana hawa da sauka da shi) gaba ɗaya tunda wahalar ɗaya ce. Ni dai na biyun nake bi.

A gwada kafin a maida murfi.