Tsohon gidan ƙasa na gado a ƙauyen Ringim: me zan duba kafin in biya?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. An yi mini tallan gida a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Ginin ƙasa ne, ɗaki uku da zaure, biyu soro, ɗaya rufin kwano, da rijiya a tsakar gida. Na gado ne, babban ɗan mamacin ke sayarwa, dillali kuma ya matsa in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a. So nake in gyara in sa ɗan haya. Masana, a taimaka.

Malam Na-Dutse:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, kada ka ba da ko sisi tukuna. Kasancewarsa babban ɗa ba ta ba shi ikon sayar da rabon 'yan'uwansa. Fara tambaya: an raba gadon? Idan kotun shari'a ta raba, a nuna maka takardar, ka ga gidan a rabon wa ya faɗa. Idan ba a raba ba, sai duk magada sun sa hannu ko sun dangwala, har matan da ke gidajen aurensu da wanda ya tafi ci-rani. Yawanci daga nan rigima ke ɓullowa, domin su ake mantawa. In akwai maraya ƙarami, a bi ta kotu, kada a tsaya ga maganar kawunsa.

Ga kuma shuf'a. A mazhabar Malikiyya, idan magaji ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa na da ikon mayar maka da kuɗinka ya karɓe, kuma haƙƙin nan yakan kai shekara. Ka ga kenan kana iya kashe kuɗin gyara a zo a ce ka fita.

Ranar ciniki a kira maƙwabta na kowace kusurwa, a auna da tef a gabansu, a rubuta tsawo da faɗi da sunan wanda ke gabas, yamma, kudu da arewa. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, da shaidu biyu daga kowane ɓangare. Amma takardar dagaci shaidar ciniki ce kawai. A Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, don haka ka kai takardar sashen filaye a yi maka rajista. La'adar dillali ma a yanke ta tun kafin a sallama.

Magini Ɗan Gaya:
Malam ya gama da takarda, ni ruwa nake ji maka. Ringim na bakin kogin Haɗejiya, ambaliyar 2022 kuma ta rusa gidajen ƙasa da yawa a Jigawa. Gidan ƙasa a watan Agusta ake ganin gaskiyarsa. In ba za a jira ba, duƙa ka dubi gindin katanga: farin gishiri, ko ƙasar da ke marmashewa in ka kankara da farce, alamar jiƙo ce daga ƙasa. Tambayi tsofaffin unguwa ko da can kududdufi ne aka cike. In haka ne, bar shi komai arharsa.

Hau soron. Indararo ya zarce bango da kyau, in gajere ne a jikin katanga yake zubar da ruwa. A ciki ka ƙwanƙwasa azara da bakin wuƙa: amon holoƙo na nufin gara ta cinye cikinta. Tsagewa siririya a yaɓe ba komai ba ce, amma wadda ta tashi daga ƙasa a karkace, tana buɗewa ta sama, harsashi ne ya zauna. Ka auna tsakanin masai da rijiya, kada ya gaza mita 15, in ƙasar rairayi ce ma gara 30.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri. To in na shafe katangar da siminti, ba ta huta da yaɓen kowace shekara ba?

Magini Ɗan Gaya:
A nan mutane ke asara. Siminti ba ya kama ƙasa, ruwa sai ya shiga ta bayansa ya rasa mafita, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta zubo falle guda. In dole ne, a kafa ragar kaza da ƙusa, a kwaɓa awo ɗaya na siminti da shida na yashi. Ni dai na fi son a bar yaɓen ƙasa da makuba, kuɗin simintin a yi dakali kewaye da gindin katanga, mai gangara waje, da kwatar da za ta fitar da ruwan tsakar gida.

Hajiya Mai Fuloti:
Ɗan'uwa, lissafa hayar ma. A ƙauye kusan kowa a gidan gadonsu yake, masu kama haya malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti, su kuma ɗakin siminti mai rufin kwano suke nema. In babu sakandare, asibiti ko kasuwar mako kusa, filin kake saya, don haka ka taya shi a kuɗin fili.