Ɗana ya gama aji 4 a Kano, a Damagaram an ce sai CI (ajin farko na firamare)

Assalamu alaikum mutanen Damagaram. Wata biyu ke nan da muka taso daga Kano muka sauka a unguwar Zango. Lissafin dala da jaka na fara kama shi, 'yan garuwa ma mun saba, amma maganar karatun ɗana ta gagare ni.

Shekararsa 10, ya gama aji 4 na firamare da Turancin Ingilishi. A lakwal (makarantar boko) ta farko da muka je darakta ya miƙa masa littafin Faransanci, ko layi ɗaya bai iya karantawa ba, aka mayar da shi CI cikin 'yan shekara 6. Kwana uku ya je ya ƙi komawa, wai yara na kiransa "baban aji". Na gwada wata franko-arab (makarantar Faransanci da Larabci) tunda Larabcinsa na Islamiyya ba laifi, su kuma suka ce CP, wato aji 2. Na ɗauko malamin lakwal yana koya masa a gida da yamma, jaka 10 a wata. Lissafi yana ci sosai, dikte (shiftar Faransanci) kuwa kullum sifiri.

Don Allah wa zan je in gani a yi masa gwajin shiga CE1 ko CE2 (aji 3 ko 4), maimakon ya faro daga ƙasa?