Darajar motar da ba ta da ta biyu idan an tashi sayarwa

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda ake kimanta darajar motar da ba ta da ta biyu, abin da aka fi nanatawa shi ne, kasancewar mota ita kaɗai a duniya ba ya tabbatar mata da tsada. Motar tsere da kamfani ya ƙera wa wani attajiri bisa son ransa, sai an samu mai irin ra'ayinsa kafin ta yi kuɗi, kuma babu irinta da aka taɓa sayarwa balle a auna farashi. Shi ya sa Ferrari 250 GTO, wadda aka ƙera 36 tsakanin 1962 da 1964, ta fi sauƙin kimantawa. A 2018 an yi gwanjon ɗaya a Monterey da ke Amurka kan dala miliyan 48.4.

Tarihi ke ɗaga mota. Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut Coupé ta 1955, biyu kacal aka yi, ɗaya ta tashi Yuro miliyan 135 a 2022, daga hannun kamfanin kai tsaye. Don haka aka ce a adana kowace takarda: wa ya mallake ta, wane tsere ta shiga, wa ya gyara ta. Injin asali kuwa, kada a kuskura a canza shi.

Wasu sun ce a kulle ta a gareji. Ni ban goyi bayan wannan ba, don robobin motar da ba a tuƙawa bushewa suke yi.

An kuma yi gargaɗi kan saye da bashi. Bayan rasuwar Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, a 1988 farashin motocin kamfanin ya yi tashin gwauron zabi, sannan ya ruguje a farkon shekarun 1990, masu bashin banki suka sayar da asara.